Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: Saran Kububuwa, Sabon Bincike Da Haƙƙin Manoman Gombe Ta Kudu

Mai girma Ministan Lafiya na Tarayya,
Kwafi ga Mai girma Gwamnan Jihar Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, ina fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Allah ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da ka ɗauka. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare da ke ƙaramar hukumar Balanga, kuma ina noma kamar kowa a nan. Na rubuto ne a madadin manoma da makiyaya da mata masu zuwa itace a Balanga da Kaltungo da Billiri da Shongom, Musulminmu da Kiristanmu, waɗanda ke shiga damina da kaka kowace shekara da fargabar saran maciji.

Abin da ya tayar da wannan wasiƙa abu ne da ya zama mana jiki. Da zarar sara ya yawaita, lokacin shuka da lokacin girbi, sai a ji makarin dafi ya yi ƙaranci ko ya yanke, jaridu su ɗauka, a yi alkawari, a kawo ɗan abin da ya samu, baɗi a maimaita. Wannan kuwa yana faruwa ne a daidai lokacin da binciken dafin maciji ke samun ci gaba mai yawa a duniya. Tsoronmu biyu ne: kada maganin da ke hannu yau ya ci gaba da yanke mana, kuma kada maganin gobe ya zo ya wuce mu, ko don ba a yi shi domin macijinmu ba, ko don kuɗinsa ya fi ƙarfinmu.

Ka fi ni sanin aikin likita, amma bari in faɗi yadda ciwon yake saboda sauran masu karatu, tunda duk roƙon da zan yi a kansa ya dogara. Macizai uku ne suka fi cutar da mu: kububuwa da kasa da gamsheƙa mai tofi. Kububuwa ce kan gaba, nesa ba kusa ba. 'Yar ƙarama ce, ba ta cika wuce kamu ɗaya ba, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, tana kwanciya a ƙarƙashin dami da tarin harawa. Dafinta ba ya kashewa nan take, kuma nan ne take yaudarar mutane. A cikinsa akwai sinadarai masu ɓarna iri biyu. Wasu suna zuga jini ya dinga daskarewa ba gaira ba dalili, har sai abin da jiki ke daskarar da jini da shi ya ƙare ƙarƙaf. Wasu kuma suna cin bangon ƙananan jijiyoyin jini. Ga ɓaraka ta buɗe, ga babu abin toshewa. Sai jini ya fara fita ta dasashi, ta tsohon miki, ta fitsari, ta wurin da aka yi wa mutum tsaga. Mai ciki tana iya ɓari. In ya zuba a ƙwaƙwalwa kuwa, da wuya a tashi. Mutum yana iya kwana yana hira da 'yan dubiya alhali jininsa ya daina daskarewa tun daren jiya. Likitoci sun ƙiyasta cewa idan ba a ba da makari ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 da dafin kububuwa ya kama suna mutuwa.

Gane cewa dafi ya shiga ba ya buƙatar wata na'ura. A ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsafta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, magana ta ƙare, makari ake bukata.

Kukanmu na farko shi ne yankewar makarin. Ranka ya daɗe, ba zato muke yi ba, a ƙasarmu aka auna wannan abu. Binciken da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da abokin aikinsa suka yi a kan marasa lafiyar asibitin Kaltungo, wanda ya shahara wajen jinyar saran maciji, daga 2007 zuwa 2009 ya ƙirga mutum 6,687 da maciji ya sara, 94 suka rasu, wato ƙasa da 2 cikin 100. Amma a cikin wannan tsakani akwai lokacin da samun ingantaccen makari ya yi tangal-tangal, kuma a lokacin haɗarin mutuwa ya ninka fiye da sau biyu. Maciji bai canja ba, ma'aikata ba su canja ba, kwalba ce kawai ta yi ƙaranci a firiji. A wannan asibitin dai aka yi gwajin da aka wallafa a 2010, inda aka gwada makari iri biyu a kan mutum 400 da kububuwa ta sara: EchiTAb-G da ake haɗawa da jinin tumaki a Birtaniya, da EchiTAb-Plus-ICP da ake haɗawa da jinin dawaki a Kosta Rika. Dukansu da dafin macizan Nijeriya aka yi su, macizan da aka kama a dazukanmu aka kai Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool aka tatsa. Cikin awa shida jinin kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka ba EchiTAb-Plus-ICP da kashi 76 na waɗanda aka ba EchiTAb-G ya dawo yana daskarewa. Mutanenmu ne suka miƙa hannu aka yi wannan gwaji, duniya ta amfana da sakamakonsa. Amma har yau babu kwalba ɗaya da ake haɗawa a Nijeriya. Duk daga waje ake sayowa da kuɗin waje, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabo. In na kyauta ya ƙare, magidanci sai ya sayar da akuya, ya sayar da san noma, ya jinginar da gona. Wanda ya tsira da ransa sau da yawa ya rasa abin nomansa na baɗi.

Kuka na biyu ya fito ne daga na farko. Duk inda ingantaccen makari ya yanke, wanda bai dace ba ne ke cike gurbin. Makari ba kamar maganin ciwon kai ba ne, kowane iri da macizan da aka yi shi dominsu. Wanda aka haɗa da dafin macizan Indiya ba ya kashe dafin kububuwarmu yadda ake bukata, ko da an rubuta sunan da ya yi kama da nata a jikin kwali. An ga haka a wani asibitin karkara a Ghana: da aka sauya ingantaccen makari da wani na Indiya, mutuwa ta tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1. Shi kansa wancan ingantaccen, Fav-Afrique na kamfanin Sanofi Pasteur, an daina yin sa, ragowarsa ya lalace a 2016, saboda masu araha marasa inganci sun kore shi daga kasuwa.

Ina da ɗalibi da wannan ya faɗa wa. Kububuwa ta sare shi a ɗan yatsa yana tattara gyaɗa. An fara kai shi wurin mai maganin gargajiya, aka ɗaure hannun tamau, aka yi tsaga, aka ɗora baƙin dutse. Da jinin tsagar ya ƙi tsayawa, aka kai shi wani ƙaramin asibiti da ba shi da makari, mahaifinsa ya sayar da awaki ya sayo kwalba a wani kemis, aka ɗura masa, jinin bai daskare ba. Sai da aka dangana da shi Kaltungo aka ba shi wanda ya dace, aka ƙara masa jini, sannan Allah ya tashi kafaɗarsa. Ya rayu, amma hannun da aka ɗaure bai koma daidai ba, kuma jarrabawar wannan shekara ta wuce shi. Ba na ganin laifin mahaifinsa ko kaɗan. Mutum ne da bai iya karanta abin da ke jikin kwali ba, kuma ba aikinsa ba ne ya tantance abin da aka bari ana sayarwa.

Kuka na uku shi ne nisa, kuma a nan ne sabon bincike ya fi shafarmu. Makarin da ake da shi a yau, asalin dabarar yin sa tun zamanin Albert Calmette ne, a shekarun 1890: a yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan, a ɗebi jininsa, a tace garkuwar da jikinsa ya yi. Yana aiki, amma sai ta jijiya ake ba da shi, sai da ma'aikacin da ya san yadda zai yi idan jikin mara lafiya ya ƙi shi, domin yana iya jawo ƙaiƙayi da faɗuwar jini da sarƙewar numfashi. Ba abin da za a ajiye a jakar manomi ba ne. Shi kuwa sara a gona yake faruwa, ko a ruga, ko da dare a hanyar bayan gida, inda sai an nemo mai babur, rafi ya cika, hanya ta yanke. Mutane na zuwa Kaltungo daga Bauchi da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, wasu bayan kwana da kwanaki.

Masana sun gano cewa waɗancan sinadarai na dafin kububuwa masu cinye jijiya da ƙarar da abin daskarar da jini ba sa aiki sai da ƙarfen zinki a tsakiyarsu. In aka ɗauke zinkin, sun zama kamar babur da aka cire wa fulogi. Akwai wani tsohon magani mai suna unithiol da aka daɗe ana ba waɗanda gubar ƙarafa irin su zaiba ta kama, aikinsa ke nan kama ƙarfe a cikin jiki. A 2020 masu bincike a Liverpool, ƙarƙashin Farfesa Nicholas Casewell, suka nuna cewa yana kare ɓeraye daga dafin kububuwa, musamman in an ba da shi da wuri sannan makari ya biyo baya. Daga nan aka gwada shi a kan mutum 64 masu lafiya a Kilifi ta ƙasar Kenya, aka ga jiki yana karɓarsa. Ta baki ake shan sa, ba ya bukatar firiji. Akwai kuma marimastat, wanda aka fara ƙirƙira domin ciwon daji bai yi nasara a can ba, shi ma yana toshe irin waɗannan sinadarai. Sai varespladib, mai toshe wani rukunin dafin daban da ake samu a yawancin macizai. An gwada shi a kan kusan mutum ɗari da maciji ya sara a Indiya da Amurka. Bai cimma babban ma'aunin da aka gindaya ba, amma an ga alamar amfani ga waɗanda suka sha cikin awa biyar. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Ina so kowa ya ji da kyau: waɗannan duka gwaji ne har yanzu, babu wanda aka amince a sha saboda saran maciji, kuma babu mai cewa za su maye gurbin makari. Abin da ake fata shi ne ƙwaya da ma'aikacin lafiya na ƙauye zai ba mutum cikin awa ɗaya da sara, ta riƙe shi har ya isa asibiti. Ga mutumin Balanga wannan ba ƙaramin abu ba ne. To, mataki na gaba na gwajin unithiol da marimastat a kan waɗanda maciji ya sara, an tsara shi ne a Ghana da Brazil. Muna taya su murna. Amma muna tambaya: asibitin Kaltungo da ke karɓar dubban waɗanda maciji ya sara a shekara, wanda ya riga ya nuna wa duniya a 2010 cewa zai iya ɗaukar babban gwaji, me ya rage masa da ba ya cikin wannan sahu? In kayan aiki ne, ko ɗakin gwaje-gwaje, ko ƙarancin likitoci, ko jinkirin ba da izini, duk abubuwa ne da ke hannun gwamnati.

Kuka na huɗu ya shafi labaran da suka fi yin amo. A watan Mayun 2025 kafofin labarai sun cika da labarin Tim Friede, Ba'amurken da ya shafe kusan shekara 18 yana yi wa kansa allurar dafi yana bari macizai su sare shi. An ciro garkuwa iri biyu daga jininsa, aka haɗa da varespladib, haɗin ya ba ɓeraye cikakkiyar kariya daga dafin macizai 13 cikin 19. Kafin nan, a Janairun 2025, ɗakin binciken David Baker, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya zana sababbin furotin masu kama dafin da ke shanye jijiyoyi. A ƙarshen shekarar kuma masana a Denmak suka haɗa ƙananan garkuwa guda takwas daga wasu dabbobi dangin raƙumi, suka kare ɓeraye daga 17 cikin 18 na macizan Afirka da suka gwada. Aiki ne mai ban sha'awa, kuma na karanta wa ɗalibaina shi a aji da farin ciki. Sai dai dukkan ukun a kan dangin kumurci da gamsheƙa da mamba aka yi su. Kububuwa da kasa wani dangi ne daban, dafinsu daban. Mutane a nan sun ji a rediyo cewa an samo maganin kowane maciji, suka yi ta hamdala, alhali macijin da ke kashe su ba ya cikin jerin. Ba laifin masu binciken ba ne, kowa da inda ya fara. Amma idan ƙasar da kububuwa ta fi yi wa ɓarna ba ta tashi ta zuba kuɗi da murya a kan dafinta ba, za a bar shi a ƙarshen layi.

Sai batun ƙidaya, a taƙaice. Ma'aikatarku ta taɓa bayyana cewa ana samun sara kusan 20,000 da mutuwa kusan 2,000 a shekara a Nijeriya. Wanda ya mutu a ruga ko a gidan mai magani, aka binne shi kafin la'asar, ba ya shiga kowane littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, a 2019 kuma ta sa burin rage mutuwa da naƙasa da rabi kafin 2030. Ba za a san an rage rabi ba sai an san adadin da aka fara da shi.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A ware wa makarin dafi kuɗinsa na kansa a kasafi, da sunansa, a saki kuɗin da wuri yadda kaya za su iso kafin ruwan farko, ba bayan an fara binne mutane ba. Haɗa makari yana ɗaukar watanni, kamfani ba ya yi sai an ba shi oda, saboda haka a ƙulla yarjejeniyar shekaru da masu yin wanda aka tabbatar yana aiki a kan macizanmu. A ba da shi kyauta, kuma a sa saran maciji cikin abin da Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da inshorar marasa galihu ke biya. Ga Mai girma Gwamna, muna roƙon a sa shi cikin tsarin GoHealth, wato inshorar lafiya ta Jihar Gombe.

A umarci NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta bi kemis-kemis da manyan shagunan magani na Gombe da Bauchi da maƙwabta ta kwashe duk makarin da ba a gwada shi a kan dafin macizan Nijeriya ba, ta kuma fitar da sunayen waɗanda aka amince da su, a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Tangale da Waja da Tula.

Kada komai ya tsaya a Kaltungo. A zaɓi asibiti aƙalla ɗaya a kowace ƙaramar hukuma da sara ya yi yawa, a sa masa firiji mai sola, a ajiye makari da allurar da ake yi idan jiki ya ƙi shi, a koya wa ma'aikata gwajin minti 20. A kuma zauna da masu maganin gargajiya cikin mutunci. Su ne mutane ke fara zuwa wurinsu, kuma wannan ba zai canja da wa'azi ba. In aka shawo kansu suka bar tsaga da ɗauri, suka riƙa tura mutum asibiti nan take, an ceci rayuka da hannaye masu yawa.

Roƙon da ya fi mini nauyi a zuciya shi ne na bincike. A mai da Kaltungo wurin da duk mai sabon maganin dafi a duniya zai so ya kawo gwajinsa: wuta da ba ta yankewa, ɗakin auna jini na zamani, ma'ajiyar jini, likitoci da ma'aikatan jinya da aka horar a kan gwajin magani kuma ake biyansu yadda za su zauna. A haɗa shi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Jami'ar Jihar Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da masanan Jami'ar Bayero da suka daɗe a wannan fage, yadda 'ya'yanmu za su zama masu binciken, ba masu riƙe wa baƙi jaka ba. Ma'aikatarku ta rubuta wa Liverpool da sauran masu wannan aiki ta nemi a sa Nijeriya a zagaye na gaba. Amma a gindaya sharuɗɗa a rubuce tun kafin a ɗebi jinin kowa: a yi wa mara lafiya bayani da harshensa ya yarda da kansa, kada a hana kowa makarin da aka sani yana aiki saboda gwaji, kuma in maganin ya tabbata, a sayar wa Nijeriya a farashin da gwamnati za ta iya raba shi kyauta. Abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin gwajin maganin sanƙarau bai bar zukatan mutanen Arewa ba, kuma yarda ba za ta samu ba sai an yi komai a fili.

An daɗe ana maganar haɗa makari a cikin gida. Muna da macizan, muna da dawaki da tumaki, muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom da ta shafe shekaru masu yawa tana haɗa rigakafin dabbobi. Muna roƙon a faɗa mana a fili inda maganar ta kwana, nawa ake bukata, wa aka ɗora wa, kuma yaushe za a ga kwalbar farko.

Na ƙarshe mai sauƙi ne. Yawancin sara a ƙafa ne da hannu. Duk lokacin da za a raba taki da iri, a haɗa da dogon takalmin roba da safar hannu mai kauri da tocila.

Ranar 19 ga Satumba ce ranar wayar da kai a kan saran maciji ta duniya, kuma tana zuwa ne ana dab da fara girbi. Muna roƙon kafin ranar ta zagayo, ma'aikatarku ta bayyana wa jama'a kwalba nawa aka saya, asibitoci nawa aka raba wa, da matakin da aka ɗauka a kan sa Kaltungo cikin gwajin sababbin magunguna. Muna kuma gayyatarka ka zo da kanka lokacin kaka ka shiga ɗakin marasa lafiya ka ji daga bakinsu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon sauke wannan amana.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malamin makaranta kuma manomi,
Ƙaramar Hukumar Balanga, Jihar Gombe.